Hukuncin Kakar da Take Salla da Jikanta a Goye, Take Kuma Ba Shi Nono

Tambaya

An yi tambaya game da jaririn da yake wuni a hannun kakarsa ta wajen uwa tun daga zaman jego, alhali kakar ta daɗe da daina haihuwa. Saboda tsananin ƙaunar da take yi masa ba ta iya jure kukansa, don haka idan lokacin salla ya yi yana bayanta sai ta yi sallar da shi a goye, idan kuma uwarsa ta tafi makaranta ko barci ya ɗauke ta sai ta sa masa nononta a baki don ya yi shiru. Shin sallarta ta inganta, kuma shin wannan shayarwa tana da wani hukunci a shari'a?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, jinƙan da kaka take yi wa jikanta aiki ne na lada, kuma ya tabbata a cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, da kuma Buhari da Muslim, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, 'yar Zainab, yana sauke ta idan zai yi sujada, yana ɗaukar ta idan ya miƙe. Saboda haka goyo shi kaɗai ba ya ɓata salla, ko da yake an ruwaito daga Malik cewa ya fi karkata ga barin hakan a sallar farilla idan akwai wanda zai riƙe yaron. Abin da ake dubawa shi ne najasa, wato ƙazantar da shari'a ta hana yin salla da ita, domin fitsarin jariri da kashinsa najasa ne a mazhabar Malikiyya, namiji ne ko mace, kuma wankewa ake yi, saɓanin Shafi'iyya da Hambaliyya da suka wadatu da yayyafa ruwa a kan fitsarin yaro namiji da bai fara cin abinci ba. Idan kakar ta san cewa kunzugun yaron ya ɓaci, ko fitsari ya jiƙa zanen goyo da majanyi, kuma tana da ikon sauke shi da canja tufafi, to wajibi ne ta yi hakan kafin ta tayar da kabbara. Idan kuwa mantuwa ta yi, ko ba ta sani ba sai bayan sallama, ana so ta sake sallar matuƙar lokacinta bai fita ba. Rangwamen da Halilu ya ambata a Muhtasar ɗinsa game da tufafin mai shayarwa ya shafi wadda take iya ƙoƙarinta wajen kauce wa fitsarin amma ya fi ƙarfinta, kuma ko ita an so ta ware zane na musamman don salla. Ware zanen salla shi ne shawara mafi sauƙi ga kaka.

Sashe na biyu na tambayar shi ne mai nauyi, ko da yake mutane sun fi ɗaukar sa da wasa. Shayarwar kaka ga jikanta ba haramun ba ce, sai dai tana haifar da abin da malamai suke kira rada'a, wato dangantakar da shan nono yake ƙullawa tsakanin yaro da matar da ta shayar da shi. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa iyaye mata na shayarwa da 'yan'uwa mata na shayarwa cikin waɗanda aka haramta aurensu, hadisi ingantacce kuma ya faɗaɗa hukuncin zuwa duk wadda dangantakar jini take haramtawa, kamar yadda Annabi ya ƙi auren 'yar baffansa Hamza saboda Suwaiba ta shayar da shi da Hamzan, har yarinyar ta zama 'yar ɗan'uwansa.

A wurin Malikiyya ba a gindaya yawan tsotso ba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa duk abin da ya isa cikin jariri na ruwan nono yana haramtawa ko da tsotso ɗaya ne, kuma daidai ne ko daga mama ya sha, ko ɗura aka yi masa ta baki, ko ta hanci. Tsufan mace ba ya canja hukuncin, domin malaman mazhabar sun bayyana a fili cewa tsohuwar da ta yanke haihuwa idan nononta ya kawo ruwa ta shayar, ta zama uwa. Abin da suka fitar daga hukuncin shi ne ruwa mai fatsi-fatsi wanda ba nono ba ne, haka nan idan babu abin da ya fito sam. Sai dai maganar nan da tsofaffi suka saba yi, cewa ai babu komai a ciki, ba ta isa hujja ba sai an duba, saboda ungozomomi da likitoci sun san cewa nonon da jariri yake yawan tsotso yana iya dawo da ruwa ko da bayan shekaru. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce, wato a matsa a ga abin da ke fitowa. Idan aka tabbatar akwai nono amma aka yi shakka ko ya isa cikin yaron, Shaihu Dardir ya tafi a kan cewa a ɗauka ya isa, don yin taka-tsantsan a kan sha'anin aure.

Lokacin da shayarwa take yin tasiri shi ne shekara 2 na farko, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta iyakance cikakkiyar shayarwa, Malikiyya kuma suka ƙara abin da bai wuce wata 2 ba. Sun cire yaron da aka yaye kafin nan har ya wadatu da abinci ta yadda nono ba zai ƙosar da shi ba ko da an mayar da shi gare shi. A nan ya kamata a lura da al'adar kai yaro yaye gidan kaka, domin a kwanakin farko, lokacin da yake kwana yana kukan neman uwarsa, bai wadatu da abinci ba tukuna, kuma a daidai wannan lokaci ne tausayi yake sa kakar ta ba shi mama. Shayarwar da ta auku kwana ɗaya ko biyu bayan yaye tana haramtawa kamar wadda ta auku kafinsa.

Idan sharuɗɗan sun cika, yaron ya zama ɗan kakarsa ta fuskar shayarwa, wato ƙanen mahaifiyarsa ke nan, kuma ɗan'uwan kawunansa da innoninsa duka, waɗanda aka haifa da daɗewa da waɗanda za a haifa. Daga nan 'ya'yan kawu da 'ya'yan inna sun koma 'ya'yan 'yan'uwansa, aure ya haramta tsakaninsa da su har abada, da su da zuriyarsu. Da kakar ta wajen uba ce, da haka hukuncin zai kasance a kan 'ya'yan baffa da 'ya'yan gwaggo. Hukuncin bai tsaya ga 'ya'yan cikinta ba, saboda abin da ake kira labanul fahli, wato jingina nono ga mijin da matar take ƙarƙashin aurensa suna saduwa, wanda hujjarsa ita ce umarnin da aka yi wa Nana A'isha na ta bar Aflah ya shiga wurinta saboda shi ɗan'uwan mijin matar da ta shayar da ita ne. Bisa wannan, idan kakar tana gidan mijinta a wannan hali, yaron ya zama ɗan mijin, 'ya'yan kishiyoyinta sun zama 'yan ubansa, 'ya'yansu ma sun haramta gare shi. A ƙasar da auren zumunci ya yawaita, inda ake yi wa taubasai alkawarin juna tun suna goye, kuma kakar ce sau da yawa take kan gaba wajen ƙulla shi, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Haramcin ya taƙaita ga yaron da ya sha da zuriyarsa. Yayyensa da ƙannensa da ba su sha ba suna nan a kan halaccin auren 'ya'yan kawu da na inna, auren iyayensa kuma yana nan daram, ba ya ɓaci don ɗansu ya zama ƙanen uwarsa ta wannan hanya. Rada'a ba ta jawo gado, ba ta kuma wajabta ciyarwa, don haka yaron ba zai ci gadon kakar a matsayin ɗa ba.

Hanafiyya sun dace da Malikiyya a kan cewa kaɗan da mai yawa duk ɗaya ne. Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa sun sharɗanta shayarwa 5 a rarrabe, bisa hadisin A'isha da Muslim ya ruwaito, kuma magana ce mai ƙarfi. Amma saɓanin bai amfani mai wannan tambaya da komai ba, domin kakar da take yin hakan kullum ta wuce biyar tun a makon farko, sai mazhabobin huɗu su haɗu a kan haramci muddin nono ya fito.

Abin da ya fi dacewa shi ne kakar ta bar wannan ɗabi'a, ta lallashe shi da goyo da jijjiga, ko uwar ta tatse nononta ta ajiye masa a mazubi mai tsabta, sai fa idan lalura ta kama, kamar rasuwar uwa ko rashin lafiyarta. Ko a nan sai da yardar iyaye da sanin likita, domin akwai cututtukan da suke bin nono, kamar cuta mai karya garkuwar jiki. Idan kuma shayarwar ta riga ta auku, wajibi ne a bayyana ta ga dangi, a rubuta, a kafa shaidu tun kakar tana raye, kada kunya ko gudun surutu su sa a ɓoye. Dalili shi ne a mazhabar Malikiyya rada'a tana tabbata da shaidar maza biyu adilai, ko namiji da mace, ko mata biyu, da sharaɗin a waɗannan biyun na ƙarshe labarin ya bazu kafin ɗaurin aure, ba ta kuwa tabbata a gaban alƙali da maganar mace ɗaya, ko da yake an so a nisanci auren saboda ita, kamar yadda Annabi ya umarci Uƙba ɗan Haris da ya rabu da matarsa bayan wata mace ta ce ta shayar da su biyun. Idan an riga an ɗaura aure sannan maganar ta fito, sai a dakatar da kusantar juna a kai batun ga alƙali. Idan ta tabbata a warware auren, an tare ko ba a tare ba, 'ya'yan da aka haifa cikin rashin sani kuma na ubansu ne, suna ɗaukar sunansa suna kuma gadonsa. Allah ne mafi sani.