Ɗinkin Gyartai a Cikin Tsohuwar Mota

Mai mota a Gana yakan kai ta a duba lafiyarta kafin hukumar DVLA ta ba shi takardar hawa titi. Ana duba birki, da fitilu, da tayoyi, da sitiyari. Amma babu ma'aikacin da zai tambaye ka me ya sa murfin aljihun gaba yake faɗowa duk lokacin da ka faɗa rami, ko me ya sa makarin rana yake reto, ko ina hannun murɗa gilashin baya ya shiga. Waɗannan ba ruwan hukuma, ba ruwan ɗan sanda. Tsakaninka ne da motarka, sai kuma wanda zai gaje ta ko ya saye ta bayanka. Shi ya sa nake ganin a nan ne halin mai mota yake fitowa fili. Tambayar da nake so mu duba ita ce: wanda ya zauna ya gyara irin waɗannan ƙananan abubuwa da hannunsa, wane haƙƙi ne ya hau kansa?

Motocin da nake nufi su ne irin waɗanda iyayenmu suka hau. Akwai Marsandi samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, aka fitar da kusan miliyan 2.7. Akwai Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da ta fito a 1968, kuma aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna. Injinan waɗannan motoci suna da taurin rai, har yau kanikawa suna tayar da su. Abin da yake fara gajiya shi ne cikin motar. Robar da aka yi dashbod da mariƙai da ita tana bushewa da shekaru. Rana ta gasa ta, damshin teku na Akra ya cinye ƙananan ƙarafan da ke riƙe da ita, ƙurar hunturu ta cika ramukan. Wata rana ka ja ƙofa, mariƙin ya biyo hannunka.

Daga Malam zuwa Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyaran mota da ke maƙwabtaka da Sabon Zongo, ba wata tafiya ba ce. Sai dai kasuwa tana bin motocin da suka fi yawa a titi ne. Ɗan maƙalin roba na motar da ta haura shekara arba'in yana wuyar samu, in ma an same shi, daga wata mataccen mota aka ciro shi, shi ma ya bushe kamar naka. Don haka mai irin wannan mota yakan koyi gyara ko yana so ko ba ya so.

Ni ma haka na koya, a kan Marsandin da na gada daga kawuna. Na gane cewa roba ba iri ɗaya ba ce. Wata, in ka ɗiga mata asiton, wato sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, sai ta yi danƙo. Irin wannan tana haɗuwa da kyau, har ana narka gutsurenta a cike tsaga da shi. Wata kuwa ba ta jin gam ko kaɗan, sai dai a ɗauko ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo, a nutsa 'yan guntayen waya a gicciye kan tsagar ta bayan fage, robar ta huce ta kama su. Ramin da sukuru ya cinye kuma ana cike shi da sufa gulu da hodar bekin soda, ya daskare, a sake huda shi. Aiki ne na filaya da sukundireba da haƙuri.

Duk lokacin da na juya wani yanki na ga layin wayoyin nan a jere, gyartai nake tunawa, mai ɗinkin ƙwarya. Yakan huda gefe biyu na tsaga, ya ɗinke, ƙwarya ta koma aiki. Amma ɗinkinsa a fili yake. Matar da ta ɗauki ƙwaryar ta san inda rauninta yake, ta san irin nauyin da za ta ɗora mata. Gyartai ya mayar wa ƙwarya amfaninta, bai yi mata ƙaryar sabuntaka ba. A ganina wannan shi ne ma'aunin gyara na gari.

Akwai wani nau'in aiki da yake kama da gyara, alhali ɓoyo ne. Wani dillali ya taɓa leƙa cikin motata, ya ga tsagar dashbod da na cike, ya ce, "Alhaji, ka bar kuɗi a ƙasa. A shafe wannan da baƙin fenti, a goga mai, wallahi mai saye ba zai gane ba sai bayan damina." Na ce, "Malam, to bayan daminar fa?" Ya yi dariya ya ce lokacin ai kuɗi sun shiga aljihu. Ka lura, kayan aikinmu ɗaya ne da shi: gam ɗaya, fenti ɗaya. Abin da ya raba mu shi ne wa ake so aikin ya yi wa amfani. Ba laifi ba ne mutum ya yi wa gyaransa fenti don ya yi kyan gani. Laifin yana farawa ne ranar da aka tambaye shi ya yi shiru, ko ya ce haka ta zo daga Jamus. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke wannan: wanda ya sayi kaya, daga baya ya ga aibin da aka ɓoye masa, yana da damar mayarwa. Hausawa kuma suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wani zai ce, motar da aka cike da ɗinki haka, har yanzu ita ce ta kawunka? Tambayar tsohuwa ce. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, suna cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, har masana suka yi ta gardama ko jirgin nan shi ne na asali. Mu ma muna da irinta a gida: gatarin kaka da aka sauya wa ƙota sau uku, aka sauya wa ruwa sau biyu. Amsar da nake bayarwa ita ce, abin da ke riƙe da asalin abu shi ne labarinsa da bai yanke ba. In na san wane yanki ne na kamfani, wane ne aka ciro daga wata mota, wane ne aikin hannuna, kuma na faɗa wa na bayana, to motar tana nan ita ce. Ranar da aka fara ɓoye ɗinki, labarin ya yanke, ko da kowane ƙarfe na asali ne. Saboda haka nake ajiye ɗan littafi a aljihun gaba, ina rubuta duk abin da na taɓa da ranar da na taɓa shi.

Gaskiyar mai gyara ta haɗa da sanin iyakarsa. Murfin toka ko madannin rediyo in sun sake karyewa, asarar ba ta wuce ɓacin rai ba. Amma bel ɗin kujera, da ƙarfen da kujera ke tafiya a kai, da makullin da ke riƙe ƙofa in mota tana gudu, waɗannan rayukan mutane ne a kansu. Ba a sa musu gam, ba a yi musu dabara. Ana sauya su, ko a kai wa wanda ya san aikin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yaron da ya zauna a baya ya ja bel bai san abin da ke ƙarƙashin murfin roba ba, ya dai amince da kai ne.

Akwai masu cewa duk wannan falsafar mai ƙoshi ce, talakan Nima da Maamobi yana gyara ne don ba shi da kuɗin sabo. Gaskiya ne larura ce ta koya mana. Amma abin da larura ta koyar yana iya zama ilimi. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa doka kan haƙƙin gyara kayan amfanin gida, don ta dawo da ɗabi'ar da unguwanninmu ba su taɓa saki ba: mai gyaran takalmi, mai gyaran rediyo, mai ɗinkin kujerun mota. Kuma wanda ya taɓa ɓata yini guda a kan ɗan maƙali ɗaya ba ya ƙara raina kuɗin da mai ɗinkin kujera ya yanka masa, don ya ɗanɗana wahalar aikin.

Abin da ya hau kan mai gyara, ke nan, abu uku ne: ya yi aikin da kyau ko da a inda ido ba ya kaiwa, ya tsaya inda saninsa ya tsaya, ya kuma nuna ɗinkinsa ga duk wanda abin zai koma hannunsa. Mota za ta tsufa, roba za ta sake tsagewa, wani zai kwance abin da ka ɗaura. Ranar nan zai juya yankin ya ga aikinka, alhali ba ka wurin balle ka kare kanka. Kowa ya gyara ya sani, kowa ya ɓata ya sani.