Arzikin Halitta a Cikin Duhun Teku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, aya ta 6 ta Suratu Hud tana karantar da mu cewa Allah ne ya ɗauki nauyin ciyar da duk wani mai rai. Wanda zuciyarsa ke rawa game da wannan, to ya yi tunani a kan teku, wadda ta rufe kashi 71 cikin 100 na bayan ƙasa.

Hasken rana ba ya wuce zurfin mita 1000 a cikinta. A shekarar 1977 masana suka nutsa mita 2500 kusa da tsibiran Galafagos, a tekun Fasifik, suka tarar da ruwan zafi yana ɓulɓulowa daga ƙasa, halittu sun yi cincirindo kewaye da shi. Cikinsu har da wasu tsutsotsi masu kai mita 2, ba su da baki, ba su da hanji. Waɗansu ƙwayoyin halitta ne a jikinsu ke sarrafa musu abinci daga sinadarin farar wuta. Subhanallahi! Wa ya san da su kafin wannan shekara, in ba wanda ya halicce su ba?

Ku duba kuma shuɗiyar dabbar nan da Larabawa ke kira hutu. Tsawonta yakan kai mita 30, ta fi kowace dabba girma, amma abincinta ƴan halittu ne da ba su wuce tsawon yatsa ba, kuma takan yi tafiyar dubban kilomita kafin ta iske su. Ashe tawakkali ba ya hana nema.

Mu ma daga can ake shayar da mu: iskar damina daga tekun Atalantika take ɗauko damshin da ke zuba bisa gonakinmu na hatsi.

To, ya ɗan'uwa, me zai sa tsoron talauci ya kai ka ga tauye mudu, ko cin riba, ko ɓoye hatsi sai ya yi tsada? Wanda bai mance da tsutsa marar baki ba, ba zai mance da kai ba. Ka fita ka nemi halas, ka bar sauran ga Mai shi.

Allah ya wadata mu da halas ga barin haram. Amin.