MATAKALA UKU DA SUKA TONA MIN ASIRI



'Yan uwa, yau da kaina zan fara nasihar.

Akwai wani dattijo a unguwarmu a nan Samaru da ke tafiya a keken guragu. Kullum la'asar ina ganinsa a ƙofar masallaci, yana bin jam'i daga waje, cikin rana. Na ɗauka shi ya zaɓi hakan. Ran nan bayan sallama na ce masa, "Baba, ka riƙa shigowa ciki mana, ga inuwa ga fanka." Ya yi murmushi, ya nuna min ƙofa ya ce, "Liman, ta ina?"

Matakala uku ce. Wallahi sau biyar nake hawanta a rana, ban taɓa ƙirga ta ba sai ranar. Ni na tsaya aka tara kuɗin tayil da lasifika, amma buhun siminti biyu na yin gangare bai zo min a rai ba. Ashe da gaske ne, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Washegari na ajiye mashin, na taka da ƙafa, ina kallon garin da idon Baba. Kwata a buɗe ba murfi. Gefen titi mai shago ya baza kaya. A Kwangila, mai ƙafa biyu ma sai ya yi da gaske kafin ya tsallaka, balle makaho da sandarsa. A kasuwar Sabon Gari, wane layi keken gurgu zai bi? Ranar Juma'a kuwa mu masallata ne da kanmu muke toshe hanya da motoci, mai jinya yana neman asibiti.

A jami'a na karanta tafsirin Suratu Abasa, har na ci jarrabawa a kanta. Na san saboda makaho ta sauka, Abdullahi bin Ummi Maktum (RA). Na san ya yi ladanci tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barinsa ya ja sallah a Madina idan zai yi tafiya. Na san Itban bin Malik (RA), da ganinsa ya yi rauni, ruwan kwari yana tare shi daga masallaci, Annabi (SAW) da kansa ya taka har gidansa ya yi masa sallah. Na sha hawa mumbari ina cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Duk na sani a baki, ga abin cutarwar a ƙofar masallacina.

Wannan shi ya fi ba ni tsoro: mutum ya zama abin da yake faɗa daban, yadda yake rayuwa daban. Gyaran ba ya buƙatar sabuwar huɗuba, aiki yake buƙata.

A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga naƙasassu a Najeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika a 2024. To mu da addini ya riga doka umartarmu, me muke jira?

Alhamdulillah, mun zuba gangaren. Mun saukar da famfo ɗaya na alwala yadda mai zaune zai kai. Jiya Baba ya yi sallah a sahun farko. Na nemi afuwarsa, ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ɗan uwa, gobe idan za ka shiga masallacinku, ƙirga matakala. Sannan ka tambayi kanka wa ya daina zuwa. Kai mai shago, ja kayanka baya. Kai mai mota, bar wa mutane hanya. Ƙafar da kake taƙama da ita aro ce, tsufa ko haɗari ɗaya ya isa.

Allah Ya sa ayyukanmu su gaskata maganganunmu. Amin.