Ruwan da Baba Ya Daina Sha

Sunan kakana aka raɗa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kama sunana ba, Babangida yake kirana. Laƙabin ya tabbata a damunar 2023, wata biyu da gama hidimar ƙasata, ranar da hawan jini ya shanye masa ɓarin jikinsa na dama. Tun daga nan ni ke tayar da shi, ni ke yi masa alwala, ni ke juya shi duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta zame masa gyambo. Inna tana fama da ciwon sukari da na gwiwa, yayyena mata biyu suna ɗakunan mazajensu. Aikin da na samu a Abuja na haƙura da shi.

Duk wanda ya zo dubiya magana ɗaya yake yi mini: biyan bashi kake yi, haka suka yi maka kana jariri. Na karɓi maganar, har na ji daɗinta. Abin da ban lura da shi ba shi ne, bashi ba ya rabuwa da lissafi. Sai na wayi gari ina ƙirga daren da ban runtsa ba, da kuɗin adaidaita sahu zuwa gashin ƙashi da ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai, da abokan karatuna da suka fara ɗaukar albashi. Kwatancin ma bai cika ba. Uwar da ke wanke jaririnta tana ganin wahalar na raguwa kullum, mai jinyar tsoho kuwa sau da yawa ƙaruwa yake gani.

Wani dare cikin hunturu Baba ya kira ni karo na uku don in miƙa masa robar fitsari. Na tashi, na yi abin da ya dace, amma tsaki ya kuɓuce mini. Bai ce uffan ba. Kwana biyar a jere bai sake tashina ba, na ɗauka sauƙi ne ya samu. Inna ce ta lura leɓensa ya bushe, fitsarinsa ya yi duhu, kuma daga la'asar ba ya yarda ruwa ya shiga bakinsa. Likita ya ce irin wannan ƙishirwa tana iya taɓa ƙoda. Na durƙusa gabansa na ce, “Baba, me ya sa?” Da harshensa mai nauyi ya ce, “Don ka samu barci, Babangida.”

A nan lissafina ya rushe. Na ɗauka ni kaɗai ke ɗauke da kaya, ashe mutumin da ya shekara talatin yana ciyar da gida yana ɗauke da wanda ya fi nawa nauyi: kunyar ɗansa ya ga tsiraicinsa, da tsoron zama wahala. Ko a kan wannan shimfiɗa bai daina zama uba ba, yana ba ni ɗan abin da ya rage a hannunsa. Wanda har yanzu ake ba shi, ina zai ce biya yake yi? Tun ina makarantar allo na san aya ta 23 ta Suratul Isra'i ta hana nuna wa iyaye ƙosawa komai ƙanƙantarta idan sun manyanta. Sai yanzu na fahimci dalili: ƙaramin sauti ne a bakin ɗa, amma a kunnen tsoho hukunci ne.

Wani zai ce ɓoye gajiya munafunci ne, ai ɗan Adam ba dutse ba ne. Gaskiya ne, gajiya ba laifi ba ce, kuma wanda ya ce bai taɓa jin ta ba yana yaudarar kansa. Laifin yana wajen da aka sauke ta. Ni na sauke tawa a kan wanda bai da ƙarfin ɗauka, saboda girman kai ya hana ni kai ta wajen masu iya ragewa. Na ɗauka haƙuri shi ne in yi komai ni kaɗai, na manta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da na buɗe baki, ɗan baffana ya karɓi kwana biyu a mako, yayyena suka ɗauki girki da maganin Inna.

Har yanzu akwai ranakun da Baba ke ƙin tuwo, ko ya yi kuka babu dalilin da muke gani. Akwai kuma ranar da ya taka ƙafa shida zuwa bakin zaure riƙe da kafaɗata. Na daina ƙirga dare. Bayan sallar isha'i nakan cika kofin silba in ajiye ta hannunsa na hagu, in shimfiɗa tabarmata kusa da gadonsa, in ce, “Baba, ka sha. Idan ka kira, ina ji.”