Gonata Ce, Ina Ruwan Wani?

Wanda ya bi hanyar Babban Mutum zuwa Magarya da rani zai ga gonaki iri biyu. Wata tana cike da gawo da kuka, wata kuwa saura ce da aka bar wa sabara da geza, ba mai gyara, ba mai tsaro. Me ya sa mutum ya kan yi banza da itatuwan da ke hannunsa? Da laifi a kansa, ko babu?

Kada mu yi saurin cewa lalaci ne. Da fari, itace ba ya sauri, yunwa kuwa ba ta jira. Mai gida ya tafi ci-rani, awaki su cinye toho. Na biyu, gonaki da yawa na aro ne, ko jingina, ko gadon da ba a raba ba tukuna. Wa zai reni gawo shekara goma, sa'an nan mai gona ya ce a ba shi abinsa? Na uku, tsoron malamin daji. A Nijar da can doka ta mai da itatuwa na gwamnati, manomi ya kan sha tara in ya sari itace a gonarsa. Sai ya ga gara ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami.

Amma ku dubi abin da ya faru. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoman Maradi cewa kututturan gona suna da rai. A zaɓi toho mai ƙarfi, a sare sauran, a tsare shi. Bayan yunwar 1984 mutane suka karɓa. Da hukuma ta sassauta musu, har ta sake dokar daji a 2004, aikin ya bazu. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo kamar hekta miliyan 5.

Ashe mutum ba ya kiwon abin da bai tabbata nasa ba ne. Wannan ya rage wa mai aro laifi, amma ya ƙara wa mai gona nauyi. In ka ba da aro, ka faɗa a gaban shaidu cewa amfanin itacen na mai renonsa ne. Magada kuma su raba gado da wuri.

Kai kuwa da gonar ke taka ba gardama, ba ka da hujja. Iskar da ta kwashe ƙasarka, a kan geron maƙwabcinka take zuba rairayi. Kukar da kake shan miyarta yau, wani ne ya bar ta tun tana tsiro. Me za ka bar wa na baya?