Jarumin da Ya Rufe Fuska, da Mu Masu Tafa Masa

Mu da muka tashi da son labaran jarumai na zane mun san daɗin abin. Mun san yadda ake jiran fitowar sabon fim, da yadda ake kwashe dare ana musu a majalisa kan ko Batman zai iya kayar da Superman. Wasunmu a littafi suka fara haɗuwa da su, wasu a gidan kallo, wasu kuma a shagon masu tura fina-finai a waya. Ba ma jin kunyar wannan so. Amma akwai tambayar da muka daɗe muna kauce mata: mutumin da ya rufe fuskarsa, ya fita da dare, ya kama wanda yake zargi, ya hukunta shi babu alƙali babu shaida, me ya sa muke tafa masa?

Mu fara da yi wa kanmu adalci, domin son nan yana da tushe. Superman ya fara fitowa a 1938, a mujallar Action Comics, daga hannun wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster. Amurka tana cikin matsin tattalin arziki a lokacin, talaka yana ganin mai kuɗi da ɗan siyasa suna yin abin da suka ga dama. A fitowarsa ta farko abin da ya yi shi ne ceton matar da za a kashe bisa laifin da ba ta aikata ba, da ladabtar da mijin da ke dukan matarsa, da bin sawun wani mai sayen 'yan majalisa. Ke nan ƙishirwar adalci ce ta haife shi. Mu ma mun san wannan ƙishirwar. Tun kafin mu ga zanen Turawa muna da labarin baƙon da ya sauka Daura, ya sare kan macijin rijiyar Kusugu, jama'a suka samu ruwa. Duk inda mutane suka gaji da jira, za su ƙaga wanda ba ya jira.

Sai dai labari yana ba mu wata kyauta da rayuwa ba ta bayarwa, wato yaƙini. Kafin Batman ya ɗaga hannu, marubuci ya riga ya nuna mana mai laifin yana aikata laifinsa. Mun gani da idonmu, mun ji abin da ya faɗa a ɓoye, wani lokaci har abin da ke zuciyarsa an rubuta mana. Shi ya sa dukan yake mana daɗi. A bakin kasuwa babu wannan. Abin da ake da shi kawai murya ce ɗaya da ta ce “ɓarawo!”, da mutum yana gudu, da taron da kowa a cikinsa yake zaton na gabansa ya gani. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare wasu mafarauta da ke komawa Kano daga Fatakwal, aka zarge su da satar mutane saboda bindigogin farautar da ke tare da su, aka kashe 16. Waɗanda suka yi wannan aiki sun ɗauka garinsu suke karewa. Mun yi kuka, kuma kukanmu a kan gaskiya yake. Amma a garuruwanmu ma an sha jifan wanda ake zargi har ya daina motsi, kafin wani ya tambayi sunansa.

Marubutan da suka fi kowa sanin waɗannan jarumai sun hango haɗarin tuntuni. Alan Moore da Dave Gibbons sun fitar da Watchmen tsakanin 1986 da 1987 domin su nuna yadda irin waɗannan mutane za su kasance da a ce da gaske suna cikinmu. Wanda ya fi su basira, Adrian Veidt, ya hallaka miliyoyin mutane don ya hana yaƙin nukiliya, bai shawarci kowa ba. Rorschach kuwa mutum ne da ya raba duniya gida biyu, masu laifi da marasa laifi, yana karya yatsun mutane don ya samu bayani. Abin mamaki, shi ne ya zama abin so ga ɗimbin masu karatu. Da Zack Snyder ya mayar da littafin fim a 2009, sai ya ƙawata faɗace-faɗacen, ana rage gudun hoto don mu more kowane naushi. Abin da aka zana don ya tayar mana da hankali ya koma abin burgewa.

Labarin Dune ya fi fito da wannan fili. Frank Herbert ya wallafa shi a 1965, ya ari kalmomin da kunnenmu ya saba da su, irin su Mahadi da jihadi, ya ba da labarin Paul Atreides, ɗan sarautar da mutanen hamada suka ɗauka mai cetonsu ne. Masu karatu da yawa sun ɗauke shi gwarzo, har sai da littafi na biyu, Dune Messiah na 1969, ya lissafa waɗanda yaƙinsa ya kashe: mutum biliyan 61. Fim ɗin David Lynch na 1984 ya ƙare da ruwan sama yana sauka a hamada albarkacin Paul, wato ya gaskata abin da littafin ke gargaɗi a kai. Denis Villeneuve, a kashi na biyu na nasa fim ɗin a 2024, ya bi wata hanyar: ya sa Chani, masoyiyar Paul, ta ƙi durƙusawa, ta juya baya ta tafi. Duk da haka, mu faɗi gaskiya, a lokacin da Paul ya miƙe yana yi wa taro tsawa, tsigar jikinmu ta tashi. Mun san inda maganarsa za ta kai mutane, kuma mun so ta a haka.

Wani zai ce, to ina mafita ga wanda hukuma ta yi watsi da shi? Mutumin ƙauyen da aka kore masa shanu, aka sace masa 'ya, ya kira waya babu wanda ya zo, da wane baki za mu hana shi ɗaukar makami? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma wanda yake kwana cikin aminci bai kamata ya yi saurin amsa ta ba. Kare kai daga wanda ya auko maka haƙƙi ne. Amma tsakanin tare mahari a ƙofar gida da bin mutum saboda kamanninsa ko yarensa akwai tazara mai yawa, kuma a cikin wannan tazarar ne mai kariya yake rikiɗewa ya zama abin tsoro. Ƙarfin da babu wanda zai tuhume shi ba ya tsayawa inda ya fara. Ko a fim ɗin The Dark Knight na 2008, da Batman ya mayar da wayoyin mutanen gari na'urar leƙen asiri, abokin aikinsa Lucius Fox ya yarda ya taimaka sau ɗaya ne kawai, yana mai cewa zai ajiye aiki muddin na'urar tana nan, kuma a ƙarshe an lalata ta.

Wataƙila shi ya sa labarin Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka fara a 1962, ya fi kusa da mu. Zunubinsa na farko tsayawa kallo ne. Ɓarawo ya wuce ta gabansa, ya ce ba ruwansa, daga baya wannan ɓarawon ya kashe kawun da ya rene shi. Mukan karanta wannan a matsayin umarni mu bi ɓarawo da gudu. Amma a titunanmu masu bin ɓarawo ba su taɓa yin ƙaranci ba. Wanda ake nema a rasa shi ne mai kutsawa tsakiyar taro, fuskarsa a buɗe, kowa ya san gidansu, ya ce a dakata, a kai shi inda za a tambaye shi. Yana iya shan jifa, kuma babu kiɗan da zai tashi a bayansa.

Za mu ci gaba da kallo, mu ci gaba da musu a majalisa. Abin da ya rage mana shi ne mu riƙa tuna cewa yaƙinin da muke ji a gaban allo aro ne daga marubuci, kuma a nan muke barin sa idan fim ya ƙare. Ranar da muka ji an yi ihun “ɓarawo!” a bayanmu, babu wanda ya nuna mana farkon labarin.