Jakar Gana-mas-go

Da wuya ka shiga tashar mota a ƙasar nan ba ka tarar da ita ba. Jaka ce saƙaƙƙiya ta leda mai kauri, da zane gida-gida na ja da fari da shuɗi, hannuwa biyu da zif ɗaya. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, in babu kaya a ciki sai a ninke ta a cusa ƙarƙashin gado. Amma in an tashi tafiya cikinta ba ya ƙin komai: atamfa, tukunya, garin kwaki, littattafai, takalman yara. Zif ɗin ne kawai rauninta. Da an danna kaya sun yi yawa sai ya fashe, shi ya sa za ka ga yaron mota a tsugune da basilla yana ɗinke bakinta kafin a jefa ta but. Da ita ɗalibar makarantar kwana take komawa, da ita ɗan koli yake cin kasuwar ƙauye. Sunanta kuwa har yaron da bai shiga aji ɗaya ba ya iya shi: Gana-mas-go, wato dole mutanen Ghana su tafi.

A ranar baƙin ciki aka raɗa mata shi. Ranar 17 ga Janairun 1983, ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya bar Najeriya. Mutanen Ghana kaɗai sun kai kusan miliyan ɗaya, ban da na Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Suka cika tashar jiragen ruwa ta Apapa da iyakar Seme, kowa da irin wannan jaka, ya ɗura mata abin da ya tara na shekaru. Ga shi shugaban Ghana, Rawlings, ya rufe iyakokin ƙasarsa tun watannin baya, sai jama'a suka yi ta kwana a fili a Benin da Togo kafin a buɗe musu. Wasu a hanya suka rasu. Waɗanda suka isa kuma suka tarar da fari da gobarar daji sun cinye amfanin gona.

Su wane ne waɗannan mutane? Da yawansu malaman makaranta ne da suka zo lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, aka buɗe makarantun firamare birni da ƙauye a shirin ilimi kyauta na 1976, ana neman mai koyarwa ruwa a jallo. Akwai teloli, da magina, da masu gyaran takalmi. Aikinsu bai sake ba, halinsu bai sake ba. Farashin mai ne ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu, ga zaɓe na tafe a shekarar. Ga kuma tabon rikicin Maitatsine na 1980 a Kano: tunda Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito, sai aka riƙa kallon kowane baƙo da idon zargi, alhali da yawa daga mabiyansa 'yan ƙasa ne. Ba na musun cewa kowace ƙasa tana da hakkin sanin wanda ya shigo mata, kuma ba a rasa ɓata-gari cikin taron da ya kai haka. Abin da ke damuna shi ne kuɗin goron da aka yi musu. Sunan ƙasa ya zama kamar jakar nan: a tura malami, a tura tela, a tura ɓarawo, a danne da gwiwa a ja zif.

Bahaushe bai kamata ya manta ɗacin wannan ba, domin shi ma an taɓa ɗanɗana masa. Ranar 18 ga Nuwamban 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardu wa'adi iri ɗaya, mako biyu. Yarabawa 'yan kasuwa ne suka fi yawa cikin 'yan Najeriyar da abin ya shafa, amma ya ci Hausawan zango ma, jikokin fataken da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja da Salaga tun kafin a san wata ƙasa mai suna Ghana ko Najeriya. Wani a Kumasi aka yanke cibiyarsa, bai taɓa ganin Kano ba, aka ce ya koma gida. Ya sayar da rumfarsa a wulaƙance, ya nufi ƙasar da a lokacin take cikin yaƙin basasa. Shekara goma sha uku da 'yan watanni tsakani, wanda aka kora ya zama mai kora.

Har ɗan gida ma zargin bai bari ba. A 1980 aka ɗauki Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka tsallaka da shi Chadi bisa cewa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta mayar masa da 'yancinsa. Yau ma in an yi sata a unguwa, sau da yawa ɗan ga-ruwa ko mai shayi ake fara nunawa, a ce ai ɗan Nijar ne. Mai faɗar haka wataƙila kakarsa 'yar Maraɗi ce, garin da har yanzu ake kiran sarkinsa Sarkin Katsina.

Mu kuma a waje me ake ce mana? Duk wanda ya taɓa miƙa koren fasfo a filin jirgin wata ƙasa ya san yadda fuskar jami'i kan sauya kafin ya buɗe shafin farko. A watan Satumbar 2019 aka far wa baƙi a Johannesburg, aka ƙona shaguna, ana cewa 'yan Najeriya dillalan ƙwaya ne, har sai da aka kwaso ɗaruruwa a jirgi aka dawo da su. Ranmu ya ɓaci, kuma da dalili. Sai wasu matasa a Legas da wasu garuruwa suka ce za su rama, suka auka wa kantunan Shoprite da ofisoshin MTN saboda kamfanonin Afirka ta Kudu ne. Masu aiki a wuraren, waɗanda suka yi ta gudun ceton rai a ranar, 'yan Najeriya ne.